Ranar da Malam Ya Tsaya Cikin Sojojin Kudu

Zuwa ga Malamina kuma surukina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malaminsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan sallama ta iske ka cikin rahama da yalwar makwanci. Mutanen gida duk suna lafiya. Maiɗakinka Hajiya tana nan da ciwon gwiwarta, amma da sauƙi. Ɗiyarka Binta da yara suna nan ƙalau. Damina kuma ta yi albarka bana, gero har ya fara fitar da kai.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne, tsofaffin ɗalibanka sun buɗe guruf a waya, aka ce kowa ya rubuto abin da yake tunawa da kai. Wani ya tuna bulalar da kake ajiyewa kan tebur ba ka taɓa dukan kowa da ita ba. Wani ya tuna babur ɗinka da sai an tura yake tashi. Ni da na fara rubuta nawa, sai na ga ba zai shiga gajeren saƙo ba. Kuma a gaskiya ba su nake son gaya wa ba, kai nake son gaya wa. Kana raye kunyar surukuta ta ɗaure mini baki. Ko sunanka ba na iya ambata, kuma a nan ma ba zan ambata ba. In abokai sun leƙa sun karanta, ba laifi.

Kana tuna ranar da ka fitar da mu fili? Muna aji biyar na sakandare, kana koya mana yadda aka hana cinikin bayi. Wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko a Amurka ma doka aka rubuta kawai bauta ta ƙare. Ka ajiye alli ka ce, "Doka? Sai da jini ya kwarara. Ku tashi mu tahi waje."

Ka ce wannan ba ya cikin manhaja, ba zai fito a jarrabawa ba, wanda ke jin barci ya yi zamansa a aji. Ba wanda ya zauna.

A inuwar itatuwan bedi ka ja dogon layi a ƙasa da takalminka. Ka ce, "Ƙasa ɗaya ce ta rabe biyu. Nan Arewa, nan Kudu, kowane ɓangare da sojojinshi. Kowa ya zaɓi inda zai tsaya." Sai muka yi ca a Arewa gaba ɗaya, har da ture-ture, don mu a saninmu 'yan Arewa ne. Ka yi dariya har sai da ka dafe hularka. "To wa za ku yaƙa? Bedi?" Ka ɗebi wasu ka mayar da su Kudu suna gunguni. Ni na tsira a Arewa, can baya.

Sannan ka fara ba mu labarinsu, kana kai da kawowa a kan layin. Ka ce arzikin Kudu auduga ne, masu noma ta kuwa bayi ne baƙaƙen fata, waɗanda aka kwashi kakanninsu daga ƙasashenmu. Da manyan Kudu suka ga an zaɓi shugaban da ba ya son bauta ta ƙara yaɗuwa, sai suka ce sun ɓalle. Arewa ta ce ba a ɓallewa. Daga nan aka ɗauki bindiga.

Ka ce sojojin Arewa shuɗin kaki suke sawa. Sun fi yawa, suna da masana'antu da layin dogo da jiragen ruwa, in takalmin soja ya mutu akwai inda za a ɗinka masa wani. Na Kudu kuma ruwan toka suke sawa, daga baya ma duk abin da mace ta rina a gida shi ne kaki. Amma gwanayen doki ne, sun san dajinsu, manyansu sun iya tsara yaƙi. A farko-farko sun sha kora na Arewa da gudu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ka zagi kowa ba. Na zaci za ka ce waɗannan mutanen kirki ne, waɗancan mugaye, mu koma aji. Sai ka tsaya gaban 'yan ajinmu da ka mayar Kudu, ka ce yawancin sojojin nan ba su mallaki bawa ko ɗaya ba. Ƙananan manoma ne. A ƙarshen yaƙin wasunsu ba takalmi suke tafiya, abincinsu gasasshiyar masara, amma ba su gudu ba. Ka ce, "Jarumai ne, kada wanda ya ce maku ba jarumai ba ne. Amma talaka ne ya bar matarshi da gonarshi ya tahi ya mutu don mai kuɗi ya ci gaba da mallakar mutum."

Ka juyo gare mu na Arewa, muna ta washe baki. Ka ce mu ma kada mu ɗauka mala'iku ne. Da yawansu ba don bawa suka fito ba, don kada ƙasa ta wargaje ne. Akwai waɗanda ba za su ci abinci kwano ɗaya da baƙar fata ba. Sai da suka shiga gonakin Kudu suka ga tabon bulala a gadon bayan mutane, sannan zuciyar wasunsu ta juya.

Ka gaya mana manyan hafsoshin ɓangarorin biyu makarantar soja ɗaya suka yi, wasu ma ɗaki ɗaya suka kwana. Akwai gidajen da wa ya sa shuɗi, ƙane ya sa ruwan toka. Wani lokaci in kogi ya raba su kuma ba a ba da umarnin harbi ba, sai su yi musaya, waɗannan su ba da taba, waɗancan su ba da kofi, gobe kuma su koma kashe juna. Ka ce zawo da zazzaɓi sun fi harsashi cin rayukansu.

Sai ka rage murya ka ce akwai wasu sojoji da ba ka ambata ba tukuna. Bayin da suka gudo daga gonaki, da baƙaƙen fata 'yantattu, waɗanda suka roƙa a ba su shuɗin kaki. Da farko an ƙi, daga baya aka karɓe su, ana biyansu ƙasa da abin da ake biyan farar fata. Sun san in aka kama su a fagen daga, ko a kashe su nan take ko a mayar da su bauta. Duk da haka suka yi ta zuwa. Ka ce, "Duk cikin yaƙin nan, waɗannan ne ba su buƙatar a gaya masu don mi suka ɗauki bindiga."

Da ka ce a ƙarshe Arewa ce ta yi nasara kuma aka 'yanta bayi, fili ya kaure da ihu. "Arewa! Arewa!" Har ana yi wa 'yan Kudu gwalo.

Ka bari muka gama. Sannan ka ce, "Waccan Arewar ba taku ba ce."

Ka tambaya wa ya san rinji. Ka ce rinji ƙauye ne da ake ajiye bayi su yi wa manyan gidajen birni noma, kuma ƙasar nan tamu cike take da su, wasu sunan ne kawai ya canza. Ka ce mu ma mun noma auduga, mu ma mun sayi mutane mun sayar. Sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake layin, ka je ka tsaya cikin 'yan Kudu. Ka ce, "Gidanmu na Ƙofar Marusa gidan masu bayi ne. Kakana yana da gandu bayan Batagarawa, kuma bai taɓa riƙe fartanya ba. Da a can aka haife ni, nan za ku same ni tsaye."

Ban taɓa jin babba ya faɗi irin wannan magana a kan gidansu ba. Na saba jin ana alfahari da ita.

A nan ne wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba don yana cikin guruf ɗin nan kuma yau abokina ne, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Malam, ga Lawal nan, su ma 'yan rinji ne." Aka fashe da dariya. Na san gaskiya ya faɗa. Abin da ban sani ba shi ne ashe an sani a birni. Na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa.

Ba ka daki yaron ba, ko tsawa ba ka yi masa ba. Ka dube ni ka ce, "Lawal, wane ƙauye ne naku?" Na faɗa. Sai na ga fuskarka ta canza. Ka sake tambaya, na sake faɗa. Ashe gandun kakanka ne.

Dariyar ta mutu da kanta. Sannan ka ce, yadda kowa zai ji, "Ke nan hatsin da aka raini ubana da shi, kakan ubanka ne ya noma shi." Ka miƙo hannu daga inda kake, ba ka tsallako ba, ka ce, "Fito daga baya. Dawo gaban layinku ka tsaya." Na fito na tsaya a gaba, ina fuskantarka. Haka muka tsaya har aka kaɗa ƙararrawa.

Malam, tun daga ranar ban ƙara sunkuyar da kai ba in aka tambaye ni garinmu.

Bayan nan, wata Asabar, ka ce in hau bayan babur ɗinka in nuna maka hanya. Muka iske kakata Iya tana sussukar gero a tsakar gida. Da ta ji ko jikan wane ne kai, sai ta saki taɓarya ta zube ƙasa, tana cewa, "Jikan ubangijinmu ne ya tako da kanshi?" Ka yi maza ka durƙusa ƙasa da ita, babbar rigarka cikin ƙaiƙayi. Ka ce, "Iya, Ubangiji ɗaya ne, kuma ba kakana ba ne. Don Allah ki tashi."

Ka sha furarta a ƙwarya. Ka zauna kana yi mata tambayoyi kamar kai ne ɗalibin. Ta gaya maka surukinta, wato kakan babana, yana ƙaramin yaro aka kamo shi daga wata ƙasa can kudu. Ya manta yarensu gaba ɗaya, ko sunan da yake amsawa waɗanda suka mallake shi ne suka raɗa masa. Abu ɗaya ya riƙe har ya mutu, sunan uwarsa. Ka roƙi Iya ta faɗa maka sunan, ta faɗa, ka maimaita a hankali har sai da ta ce ka faɗe shi daidai.

Shekaru suka wuce. Na gama karatu na zama malamin gona. Ban daina zuwa zaurenka na Ƙofar Marusa ba, wai aron littafi nake zuwa yi. Ka san lokacin da littafin ya zama hujja kawai, don Binta ce ke kawo shayi. Wata rana ka ce, "Lawal, wanga littafi ka karance shi tun bara. In akwai magana, ka turo manyanka."

Na tura kawunnena. Aka karɓe su da mutunci, aka ce za a yi bincike kamar yadda aka saba. Binciken bai yi nisa ba, don ba abin da ke ɓoye.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, Malam yana da wa, Alhaji Babba, babban ɗan kasuwar hatsi, shi ne uban gidan gaba ɗaya. Kai da kanka ka sha gaya mini mahaifinku ya rasu kana ƙarami, Alhaji ne ya bar karatunsa ya shiga kasuwa don kai ka yi naka. Shi ya kai ka makaranta, shi ya yi maka aure. Ko kana da furfura ba ka zama kan kujera in yana wuri.

Alhaji ya ce a'a. Hajiya ce ta ba ni labarin zaman da aka yi, bayan shekaru, don kai ba ka taɓa gaya mini ba. Ta ce Alhaji ya ce bai ga laifin yaron ba, yana da ladabi, yana da aikin yi, in ma taimako yake nema za a yi masa. Amma ɗiyar gidan nan ba za ta koma rinjin gidan nan a matsayin suruka ba. Ba a taɓa yi ba, kuma ba a zamaninsa za a fara ba. Ya ce mutanen gari za su yi da mu, sauran 'yan matan gidan su rasa manema.

Ta ce kana durƙushe gabansa ka ce, "Yaya, kai ka raine ni. In ka ce in kwanta ka taka ni, zan kwanta. Amma yaron nan ba a same shi da aibu a addininshi ko halinshi ba, yarinya kuma tana son shi. Na yi shekaru ina gaya ma ɗiyan mutane cewa mutum ba ya gadon bauta. In na hana shi don wannan, da wace fuska zan ƙara ɗaukar alli?"

Alhaji ya ce in haka ne ka nemi wani waliyyi, shi ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, kuma ba za a ɗaura wannan aure a ƙofar gidan ubanku ba. Ka ce, "To, Yaya." Cikin 'yan kwanaki ka kwashe iyalinka daga gidan da aka yanke maka cibi, ka kama haya a sabuwar unguwa ta hanyar Batagarawa, inda ko ruwan famfo bai kai ba.

Da na ji ka tashi, na zo na same ka kana jera littattafai a ƙasa don ba kanta. Na ce na janye. Na ce ba zan zama sanadin raba wa da ƙane ba, mata suna da yawa, Binta ma za ta haƙura. Ka ci gaba da jera littattafanka. Can ka ce, "Ka tambayi Binta ko za ta haƙura?" Na ce a'a. Ka ce, "To kada ka yi mata alƙawarin da ba ta yi ba." Sannan ka ɗago ka dube ni. "Ba kai ka raba mu ba, Lawal. Abin da ya raba mu yana nan tun ba a haife ka ba, mun dai lulluɓe shi ne. Waɗancan da suka gudo daga gonaki suka sa shuɗi, ka taɓa jin na ce su koma don 'yan'uwa su shirya?"

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan haya, kai da kanka ka bayar. Rabin danginku ba su zo ba. Tabarmin da aka shimfiɗa masu haka aka naɗe su ba wanda ya zauna a kai. Amma mutanen ƙauyenmu sun cika mota har saman kaya, tsofaffin ɗalibanka kuma suka cike sauran wurin. Ranar na ga Iya ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ka yi bayan nan. Duk Juma'a in aka sauko daga masallaci, sai ka wuce Ƙofar Marusa ka gaida Alhaji. Ka cire takalmi tun daga waje, ka durƙusa, ka yi doguwar gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa. Shi kuma ya amsa da "lahiya" ɗaya tak yana kallon wani wuri. Ka tashi ka tafi, wata Juma'ar ka dawo. Ba ka fasa ba, ko ana ruwa.

Da aka haifi ɗanmu na fari Alhaji bai zo suna ba, bai aiko ba. Raina ya ɓaci, na faɗi wata magana mai zafi a kansa a gabanka. Ban taɓa ganin ka haɗe mini fuska irin ta ranar ba. Ka ce, "Kul. Yayana ne."

Da ka huce sai ka ce akwai ƙarshen labarin da ƙararrawa ta hana ka ba mu. Ka ce ranar da babbar rundunar Kudu ta miƙa wuya, sojojinta a yunwace suke. Babban hafsan Arewa ya sa aka ba su abinci daga na sojojinsa. Ya bar masu dawakai su tafi da dawakansu don lokacin huɗa ya kusa. Da mutanensa suka fara harba bindigogi sama don murna, ya aika a tsayar da su. Ka ce, "Bai ce masu sun yi daidai ba, kuma bai mayar masu da bawa ko ɗaya ba. Amma bai wulaƙanta su ba. Yayana mutumin kirki ne da ya tsaya a wurin da ba daidai ba. Ba zan koma wurin nan in tsaya tare da shi ba, kuma ba zan zage shi ba."

Na tambaye ka ko daga nan baƙaƙen fata suka huta. Ka girgiza kai ka ce ina, an daɗe ana cutarsu bayan an ajiye bindiga, har yau ma da sauran rina. Ka ce soja yana iya kwance sarƙa, amma abin da uba ya gaya wa ɗansa a zaure ba soja ke cire shi ba.

Kada ka ga ina ta yabonka ka ce na manta halinka. Kana da taurin kai, Malam. Likita ya hana ka gishiri, kana ɓoye kilishi cikin aljihun riga. An saya maka sabon babur ka ce tsohon bai yi maka laifi ba. In ka fara labarin tarihi, tuwo sai ya huce a kwano, Hajiya tana leƙe tana tsaki. Jikokinka har kwaikwayonka suke yi, su ɗaga yatsa su ce, "Ku dakata, ba a nan labarin ya ƙare ba."

Da ciwo ya kwantar da kai, Juma'ar farko da ba ka iya tashi ba ka ce in je in gaida maka Alhaji. Na je. Na durƙusa na isar da saƙo. Ya tambaya, "Jikin nashi ya yi zahi ne?" Na ce eh. Washegari da safe sai ga shi a gidan haya, karo na farko, yana dogara sanda. Ya zauna bakin gadonka, ya riƙe hannunka. Ni ina tsaye bakin ƙofa, bai dube ni ba. Da zai fita ya ce wa Hajiya a riƙa ɗaga maka matashin kai, haka kake so tun kana yaro.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki wannan rubutu, don shi kaɗai ne ba ka sani ba. Ya faru ne bayan ka rufe ido.

Da hantsi aka sallace ka. Jama'a ta yi yawa har sahu ya fita titi, da 'yan birni da mutanen ƙauyenmu da ɗalibanka, wasu da furfura. Da aka isa makwancinka aka sauke makara, sai aka tsaya ana duban Alhaji. Allah bai ba ka ɗa namiji ba, saboda haka kowa ya ɗauka 'ya'yan Alhaji ne za su shiga su karɓe ka. Manyan biyu har sun naɗe hannun riga sun cire takalma. Ni ina can baya cikin mutane, inda na ga ya dace in tsaya.

Alhaji ya ɗaga sandarsa ya tare su. Ya juya yana neman wani cikin taron, idanunsa sun yi ja. Sai ya ce, da ƙarfi yadda har na bayan baya suka ji, "Ina Lawal?"

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Mutane suka dare, na matso. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Sauka ka amshi ubanka."

Na sauka. Hannuna ne ya karɓe ka, Baba. Ba ka da nauyi ko kaɗan, ciwo ya cinye ka. Na kwantar da kai ta gefen dama, na fuskantar da kai alƙibla, na kwance ɗaurin likkafani. Na gyara maka ƙasar da ke ƙarƙashin kumatunka don kada tsakuwa ta dame ka. Da na gama na rasa ƙarfin fitowa, sai na ga an miƙo mini hannu daga sama. Hannun tsoho ne, ba zai iya jan kowa ba. Na kama shi a hankali, na hau da ƙarfin ƙafata.

Bai ce ya yi kuskure ba, kuma ban jira ya ce ba. Yana nan da rai, ido ya yi rauni, kasuwa ta koma hannun yara. Ina zuwa gaishe shi. Wani lokaci ya yi hira, wani lokaci ya yi shiru. Kwanan baya ya ce in kawo masa jikokinka ya ga ko akwai mai kama da kai.

Ya Allah, ga bawanKa, Kai kaɗai ne Ubangijinsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka jiƙan Iya, Ka jiƙan kakan babana da uwarsa da aka raba su tun yana yaro, Ka haɗa su inda ba a raba uwa da ɗa. Ka gafarta wa waɗanda suka mallake su. Ka ba Alhaji lafiya da kyakkyawan ƙarshe. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ka huta lafiya, Baba.

Ɗanka,
Lawal
Katsina